Na Je Sin Neman Alƙalin Waƙa

Tun da na dawo daga ƙasar Sin ban sha ruwa da daɗi a rumfata ba. Duk wanda ya shigo kasuwar Gaya, ko riɗi ya kawo ko gaisuwa, sai ya ja benci ya ce, "Alhaji Habu, yaya Sin ɗin take?" Wasu so suke su ji ko da gaske ana cin maciji, wasu ko na ga inda ake ƙera babura. Bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta, a bar ni in auna riɗina.

Sai na fara da abin da ya kore ni daga gida, don ba riɗi kaɗai ya kai ni ba. Muna da majalisar marubuta waƙa, wannan watan a zauna a Gaya, na gaba a Ajingi. Ginshiƙanta biyu ne. Akwai Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina yaro. Akwai kuma surukina na Ajingi, mahaifin matata Hadiza, tsohon hedimasta, wanda nake ce wa Baba Malam. Abokai ne tun suna samari, a keke ɗaya suke zuwa cin kasuwa. Baba Malam mutumin ƙa'ida ne. In karin waƙa ya karye ko amsa-amo ya goce, ko kuka waƙar ta sa ka, a wurinsa surutu ce. Jan biro bai bar aljihunsa na gaba ba har bayan ritaya. Kawu kuwa cewa yake waƙa daga zuciya take fitowa, wanda ya tsaya ƙirga gaɓoɓi, awon gero ya kamata ya yi.

Shekara da shekaru suna wannan gardama ana dariya. Sai bara aka yi gasar waƙar kaka, su biyu suka rage a ƙarshe, aka rasa mai raba su. Wani mara tausayi ya ce a ba Habu alƙalancin, ai duk nasa ne. Kafin in buɗe baki an shafa fatiha. Washegari Kawu ya aiko min cewa in na ba surukina, ya san tuwon matata ne ya yanke hukunci. Baba Malam bai aiko da komai ba, sai dai doguwar gaisuwar da muka saba ta koma "lafiya lau" ɗaya tak. Mutanen Gaya suka daina zuwa Ajingi, na Ajingi suka daina zuwa Gaya, majalisa ta tsaya cak, tsofaffin biyu suka daina ko gaisawa. Hadiza kullum in ta ajiye min abinci sai ta ce, "Ni dai ban ce komai ba." Gaba kura, baya sayaki. Don haka da kamfanin da ke sayen riɗi a hannuna ya gayyace ni in je in ga injinansu na matse mai, har rawa na taka a bayan buhuna. Na ninke waƙoƙin biyu na sa a aljihu. Na ce a ƙasa mai jama'a irin wannan ba za a rasa wanda ba kawunsa ba surukinsa a ciki, ya yanke min hukunci in kawo gida kamar nawa.

Ban kai gadar Wudil ba sai da Kawu ya kira, wai addu'ar tafiya zai min. Ya yi ta, ya rufe da cewa ya ji a jirgi akwai lokacin tunani. Na taɓa hawa jirgi zuwa Makka, amma wancan kamar Gaya zuwa Kademi ne in aka gwada shi da wannan. Muka yada zango a Habasha, muka sake tashi, na yi barci na farka, na sake yi na farka, har yanzu muna sama. Kusa da ni akwai wata 'yar Kano, Hajiya Uwani, mai sarin takalma, wadda ta mai da Sin kamar Kantin Kwari. Ta shaƙi iska sau ɗaya ta ce, "Alhaji, kilishi ne a jakar nan?" Na ce Hadiza ce ta sa min. Ta ce, "To wallahi ka fito da shi mu yi masa sallama, ba a shiga da nama." Muka hau ci, muka miƙa wa na gaba da na baya, har wani ɗan Sin da ke gefe ya karɓa, ya ci, hawaye ya zubo, ya miƙo hannu a ƙara.

Duk da haka na yi rowa, na ɓoye ƙunshi ɗaya a cikin hula, na tura ƙasan jaka. A filin jirgin Guangzhou wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, sanye da riga kamar ma'aikaci, ya ratsa mutane ya zo ya zauna a gaban jakata. Ni ina ja da baya saboda alwala, shi yana kallona kamar mun san juna. Aka kwashe kilishin. Aka buɗe kukar miya da Hadiza ta haɗo min da yaji, aka daɗe ana shawara a kanta. Da aka zo kan yaji, jami'in ya kai hanci, ya yi atishawa har hularsa ta karkace, abokan aikinsa suka tuntsire da dariya, aka ce in tafi da abina. Hajiya Uwani tana can gefe tana cewa, "Ai na faɗa maka."

A waje na ga wata mata ta ɗaga kwali da sunana. Ina tunanin da wane hannu zan yi mata bayani, sai na ji ta ce, "Maraba da baƙon alheri. Sannu da hanya, yaya iyali, yaya dabbobi?" Saura kaɗan in zauna a ƙasa! Ashe tafintar kamfanin ce, a jami'a ta karanta Hausa, malamanta suka raɗa mata Asabe. Hausarta irin ta littafi ce, wankakkiya, ba ta cewa komai sai ta ɗora masa karin magana. Da na tsaya ina tsoron matakalar da ke tafiya da kanta, cewa ta yi, "Alhaji, in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi ka ɗaura." Na ɗaura.

Masaukin da aka ba ni yana can sama, inda mota ke komawa kamar ƙwaro. Na daɗe ina laluben makunnin fitila kafin in gane sai an soka katin ƙofa a bango wuta take zuwa. Buta kuwa babu, sai na mai da gorar ruwa buta, mai shara kullum ta jefar, ni kullum in sayo wata. Abinci bai ba ni wahalar da nake tsoro ba, don akwai Musulminsu masu shagunan taliya, za ka gane su da koren allo da farar hula. A gabanka za a ja ƙullun da hannu ya zama zare. Wahalar tana wurin tsinke biyun nan da suke ci da su. Na kama nama ya tsere, na sake kamawa ya faɗa kwanon maƙwabci. Sannan ruwan zafi suke ba baƙo ko ana zufa. Ranar da masu kamfanin suka yi min walima na bi tarbiyyar gida na sharce kwanona tas don kada a ce na raina. Ashe a wurinsu kwano fanko yana nufin ba ka ƙoshi ba. Ina sharewa ana ƙarawa, har Asabe ta raɗa min, "Alhaji, ka rage loma ɗaya, in ba haka ba sai sun yanka wata agwagwar."

Injinan matse mai na gan su, manya ne, sun burge ni, wanda yake son labarinsu ya same ni a rumfa. A jirgin ƙasa mai gudun tsiya, muna komawa daga masana'antar, na kwance wa Asabe damuwata. Ta yi dariya har ta rufe baki. Ta ce kakanta tsohon malamin adabin dā ne, rayuwarsa duk a kan irin wannan gardama ta ƙare, kuma garinsu yana kan hanya. Na ce abin nema ya samu.

Malam Lin, kakan nata, ɗan siririn tsoho ne mai gira fara, gidansa littattafai sun fi kujeru yawa. Ya zuba min shayi a wani ɗan kofi da bai fi murfin kwalba ba. Na fito da waƙoƙin, na Baba Malam da ajami, na Kawu da boko. Da ya ga ajamin daga dama ake farawa sai ya yi murna, ya jawo wani tsohon littafi ya nuna min nasu ma na dā daga dama yake farawa, sai dai daga sama yake gangarowa. Ina dubawa na ga gefen layukan cike da jajayen da'irori ƙanana, wani wurin a jere kamar ƙwan zabo. Tausayin mawaƙin ya kama ni. Na ce wa Asabe, "Wannan bawan Allah ya sha sifili. Ko a ajin Baba Malam ban ga an yi wa yaro haka ba."

Da ta fassara, tsohon ya yi dariya har sai da aka bubbuga masa baya. Ya ce a wurinsu da'irar yabo ce. A zamanin gidajen sarauta biyu na ƙarshe a ƙasarsu, mai nazarin waƙa da jan tawada yake karatu. Inda ɗango ya yi masa daɗi ya ɗiga ɗigo, inda ya tsuma shi ya zana da'ira, a gefe ya rubuta 'yar magana, wani lokaci yabo, wani lokaci tsiya. Har bugawa ake yi da da'irorin, mai saye ya sayi waƙa da ra'ayin wanda ya riga shi karantawa. Ni da na girma ina ganin jan zagaye ina jin fitsari, sai ga inda mutane ke addu'ar a yi musu shi.

Daga nan ya shiga ba ni labarin malaman wancan zamani, Asabe tana fassarawa tana haki. Ya ce akwai waɗanda suka ce waƙa tsari ce da amo, ka bi sawun magabata, ka rera tasu har muryarka ta zama irin tasu. Na ce, "Baba Malam!" Ya ce sai wasu suka taso suka ce wannan aron riga ne, kowa ya faɗi abin da ke ransa da bakinsa, ko da tallan kasuwa ya yi kama. Na miƙe tsaye na ce, "Kawu Sale! Wallahi Kawu Sale!" Ya ce akwai kuma masu cewa daɗin waƙa yana cikin abin da ba a faɗa ba, wanda ke saura bayan an yi shiru. Na ce wannan daddawa ce, ba a ganinta a miya amma in babu kowa ya sani. Asabe ta sha wahala kafin ta fassara daddawa. Sai na ƙarshe, masu cewa sai an ga zurfin karatu a kowane ɗango. Su ma muna da su, akwai wani a garin Balan da ba a gane waƙarsa sai da ƙamus na Larabci. Daɗi ya cika ni, na ji kamar na yi tafiyar nan duka na sauka a ƙofar gidanmu.

Na ce to, tunda abin ya zo da sauƙi, wa ya ci a cikinsu? Ya ce in rera masa waƙoƙin. Na rera ta Baba Malam, yana buga yatsa a tebur, bai ɓata ko sau ɗaya ba duk da bai san kalma ɗaya ba. Na rera ta Kawu, yatsan ya rikice ya tsaya, amma da Asabe ta faɗa masa ma'anar sai ya ƙura wa kofinsa ido. Na matsa, na ce hukunci. Ya ce, "Mutanenmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna wannan faɗa ba su gama ba, kai kana so in gama maka kafin shayi ya huce?"

Sai ya tambaya ko tsofaffin nawa duk suna raye. Na ce suna nan, har ƙarfin gaba suke da shi. Ya ce shi ma yana da nasa abokin gardamar, tun suna ɗalibai ba ya rubuta ɗango mutumin bai tsinka shi ba. Abokin nan ya rasu. "Tun daga lokacin kowa yabona yake yi," in ji shi, "ni kuma na daina rubutawa. Wa zan rubuta wa?" Asabe ta fassara wannan ba karin magana.

Washegari ya ja ni majalisarsu ta tsofaffi a wani gidan shayi, don in ga wasan da suka gada. Ana zaro maudu'i daga cikin kwano. A ɗaura kwabo da zare a jikin turaren tsinke, a ajiye tasar tagulla a ƙasa, a kunna. Kowa ya duƙufa. In wuta ta ci zaren, kwabo ya faɗa tasa, ƙarar ta tashi, an ajiye alƙalami ke nan. Sai mutum ɗaya ya kwafe duka da hannunsa ba suna, yadda ake yi a jarrabawar sarakunansu don kada mai dubawa ya gane rubutun ɗan abokinsa. Sannan takarda ta zagaya, kowa ya zana da'irarsa. Wanda ya tashi ba da'ira, tararsa kofin giya. Ni aka yi min rangwame aka ce shayi. Na shiga da ƙarfina, Asabe tana juya nawa zuwa Sinanci. Ban san ko ni ne ba ko ita ce, amma ko ɗigo ban samu ba. Na sha tara har cikina yana ƙugi, hanyar komawa tasha kuwa duk inda na ga alamar banɗaki sai na ce a tsaya. Da za mu rabu Malam Lin ya ba ni ɗaurin turaren, ni kuma na ba shi sauran yajin, na ce ya bi a hankali.

Na dawo gida ba hukunci. Amma an ce faɗan da ya fi ƙarfinka ka mai da shi wasa. Na aika Gaya da Ajingi cewa na zo da hukunci daga Sin, sai dai mutanen can sun ce ba a buɗe shi sai an yi wasansu tukuna. Son jin ƙwaƙwaf ya kawo kowa. Muka taru da la'asar a ƙofar gidan Baba Malam, 'yan Gaya a tabarma ɗaya, 'yan Ajingi a ɗaya, tsofaffin biyu kowa yana kallon wata bishiya daban. Hadiza ta ba da aron tasar jerenta, aka samo tsohon kwabo mai huji. Na yi bayanin da'ira har sau biyu, don Baba Malam ya ce shi a saninsa abin da aka zagaye da ja ya mutu. Aka zaro maudu'i daga hulata, ya fito "hanya."

Kwabon nan da ya faɗa tasa, wani ɗan Balan sai da ya zabura ya yar da biro. Aka yi dariya, tabarmun biyu tare, karo na farko tun bara. Wani malamin makaranta da ba ya waƙa ya shiga zaure ya kwafe duka. Takarda ta fara zagayawa. Da ta iso hannun Baba Malam sai kowa ya zuba masa ido. Ya gyara tabarau, ya zaro jan biron, ya bi baitoci yana gyaɗa kai yana wucewa. Sai ya tsaya a wani. Ya daɗe. Sannan ya karanta a fili:

"Hanyar Ajingi ba ta da nisa,
Mu ne muka tsawaita ta da baki."

Ya ce, "Babu amsa-amo. Karin ma ya karye a ɗango na biyu." Ya sa biro ya zana da'ira, ya ƙara wata, ya ƙara wata, har gefen takardar ya cika. Malamin makaranta ya duba asalin ya ce, "Na Malam Sale ne." Wurin ya kaure da sowa. Kawu kuwa sai ya hau neman takalminsa alhali yana ƙafarsa. Daga baya ya ce ai karin bai karye ba, kunnen wasu ne ya tsufa. Baba Malam ya ce a kawo allo a ƙirga. Suka kaure, har aka kira magariba suna yi, suka tafi masallaci suna yi. Ba wanda ya sake tambayata hukuncin gasar kaka.

Ni kuwa kaina ya kumbura. Da na je sallama na durƙusa, na kasa riƙe bakina, na ce, "Baba, dabarar mutanen Sin ta yi aiki. Da an sa suna da ba a ga haka ba."

Ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da yake yi wa ɗan aji uku. Ya ce, "Alhaji, tun kafin a haife ka nake jin karyayyen karin Sale. Kana tsammani don an sauya hannun rubutu zan kasa gane shi? Tun ɗangon farko na san nasa ne."

Na ce, "To Baba, me ya sa..."

Ya mai da biron aljihu, ya ce, "Tun bara nake neman inda zan ce masa ya iya ba tare da na kalli idonsa ba. Tashi ka kai shi gida, ya ce gwiwarsa na ciwo. Ka ce masa wata mai zuwa a Gaya ne, kuma ya gyara ɗangon nan kafin in zo."